Kiriyatin ɗin da na saya a Adum: yana aiki, amma ba shi zai ba ka ƙiba ba

Salam 'yan uwa masu ɗaga ƙarfe, musamman ku ƙannena na Aboabo da Asawase da Sawaba da kuka fara shiga jim kwanan nan, kullum tambayarku ɗaya ce, wai yaya, wannan farin garin da kake sha shi ne zai sa in yi jiki? Robata ta kusa ƙarewa, to yanzu ina da bakin magana a kai.

Wanda na saya shi ne kiriyatin (creatine) zalla, garin da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfin tsoka, wanda aka rubuta monohydrate a jikin robar, giram 300, ba kala ba ɗanɗano ba suga, a wani shagon kayan jim da ke Adum. Sunan shagon ba zan kama ba don akwai abin da zan faɗa a kansu anjima. Shi kayan kam zan sake saya, ba ja.

Garin laushi gare shi sosai amma a ruwan sanyi ba ya narkewa duka, in ka zuba a fiya wata mai sanyi za ka ga ya kwanta a ƙasan kofi, sai ka ƙara ruwa ka kaɗa ka shanye sauran in ba haka ba kuɗinka ne kake zubarwa. Ni a koko nake zubawa da safe ko a shayi mai ɗumi, nan take yake ɓacewa kuma ba ka jin komai a baki. Matsalarsa ɗaya a nan garinmu ita ce danshi, da damina ta kankama a Kumasi sai ya fara dunƙulewa, don haka kar ka jefar da 'yar jakar nan da ke ciki mai tsotse ruwa, kar ka tsoma jiƙaƙƙen cokali, ka dinga rufe murfin da kyau. Dunƙulewar ba lalacewa ba ce, ka murmushe ka ci gaba da sha. Giram 5 a rana robar za ta kai ka kwana 60, in giram 3 ne kwana 100, kuma duka biyun daidai ne, wannan lissafin ne ya sa nake ganin duk cikin kayan da ke kan kantar shagon nan shi ne ya fi arha in ka raba kuɗin da kwanaki.

Aikinsa fa? Jikinka dama yana haɗa kiriyatin da kansa, hanta da ƙoda suna yin wajen giram 1 a rana, nama da kifi suna ƙara maka kaɗan, kuma kusan kashi 95 cikin 100 a cikin tsoka yake zama. Amfaninsa a ɗagawa mai nauyi ta ɗan gajeren lokaci ne, sakan goma ko ƙasa da haka, lokacin da ƙarfin tsoka ke ƙarewa da sauri shi ke maido da shi, kamar fawa bank ne a lokacin dumso. Abin da na gani a jikina kenan, nauyin da nake tsayawa a kai a benci (ɗagawa a kwance) da sikwat (ɗagawa da tsuguno) sai na ga ina iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu kafin hannu ya mutu, kuma in na huta tsakanin zagaye ƙarfin yana dawowa da wuri. Ba wani abin mamaki ba ne a rana ɗaya, amma ƙarin ɗagawa biyun nan in ya taru wata da watanni shi ne tsokar. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1832 wani masani ɗan Faransa, Chevreul, ya gano shi a cikin nama, 'yan wasa kuma suka rungume shi bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Ba sitiroyid ba ne, wato magungunan kumbura tsoka da aka hana 'yan wasa, hukumar WADA mai yaƙi da shan irin waɗannan magunguna a wasanni ba ta haramta shi ba.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Sati na farko zuwa na biyu sikeli zai iya hawa da kilo 1 zuwa 2, musamman in ka yi abin da ake ce wa lodin, wato giram 20 a rana a raba kashi huɗu har kwana 5 zuwa 7. Yaro zai hau sikeli ya sauko yana murna wai ya fara ƙiba. Ɗan uwa ruwa ne, kiriyatin yana jan ruwa zuwa cikin tsoka, shi ya sa hannu ke ɗan cika riga, kuma in ka daina sha bayan wasu makonni zai koma. Shi garin ba abinci ba ne, ba zai ba ka kalorin da za a gina nama da shi ba. Lodin ɗin ma ba dole ba ne, giram 3 zuwa 5 kullum cikin sati uku zuwa huɗu zai cika tsokar daidai da na mai lodin, kuma cikinka zai zauna lafiya, don yawancin masu kukan ya ɓata musu ciki ko ya sa su gudawa, da yawa suka kwankwaɗa lokaci ɗaya.

Wallahi abin yana damuna in ga yaro siriri, ɗan koyon ɗinki ko mai tuƙa pragya, ya tara kuɗin mako da makonni ya sayi roba, alhali da safe koko kawai ya sha ba ko ƙosai, da rana ya ɗaure ciki, da dare ya ci tuwo kaɗan ya kwanta ƙarfe ɗaya yana danna waya. Wannan ko buhun kiriyatin ya shanye ba inda za shi. Mai son ƙarin nauyi sai ya ci fiye da abin da jikinsa ke ƙonawa, ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana ya isa, furotin kuma wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 55 kenan yana neman kusan giram 90. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kuma mu a zango Allah ya hore mana, waakye da ƙwai biyu da wagashi, wake da gari da soyayyar ayaba, tubani, fura da nono, burkina mai sanyi bayan jim, gyaɗa a aljihu, ƙuliƙuli, kifin amane a miya. In kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, kiret ɗin ƙwai ko robar kiriyatin, ɗauki ƙwai, ka yi wata biyu uku kana ɗaga ƙarfe kana ci kana barci, sannan ka dawo kan garin.

Shagon kuma, a gaskiya suna da tsabta, sun karɓi momo ba wahala, sun bar ni na juya robar na duba hatimin murfi da ranar ƙarewa ba wanda ya ɓata rai. Abin da bai min ba shi ne yadda mai jiran kanta ya matsa wa wani yaro da ya shigo bayana sai ya haɗa da ƙatuwar jakar garin ƙiba, yana ce masa kiriyatin ba ya aiki shi kaɗai. Ba haka ba ne. Irin waɗannan jakunkunan yawancinsu sitaci ne da suga da ɗan furotin, abin da fura da madara da ayaba za su yi maka. Haka ma masu tsada da ake cewa sabon samfuri ne ya fi na da, monohydrate ɗin nan shi aka fi yin bincike a kansa, kar a ruɗe ka da roba mai ƙyalli. Na kuma ga wasu robobi a gefe ba lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, waɗannan ban ko taɓa su ba, haka wanda ake ƙullawa a leda ana sayarwa a bakin jim, farin gari ne kowa zai iya cakuɗa shi da komai.

Masu tambayar halal, garin ba daga dabba ake samo shi ba, a masana'anta ake haɗa shi, inda za ka lura shi ne na kafso don ɓawon yana iya zama jelatin, wanda daga fata da ƙashin dabba ake yin sa. Maganar ƙoda kuwa, mai lafiya da ke shan giram 3 zuwa 5 bincike bai nuna yana cutar da shi ba, amma mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ko ciwon suga, da wanda bai kai 18 ba, ya ga likita tukuna. In za a ɗebi jininka a Komfo Anokye ko wani asibiti ka gaya musu kana sha, don yana iya ɗaga lambar kiriyatinin, wadda ake duba lafiyar ƙoda da ita, a gwaji su zaci ƙodar ce. Kuma don Allah ku rabu da ƙwayoyin dexamethasone da wasu ke haɗiya wai don ƙiba, kumburi ne yake kawowa, tsokar ma cinye ta yake yi.

Lokacin sha ba shi da ƙa'ida, kullum dai, har ranar da ba ka je jim ba, ka kuma sha ruwa sosai da zafin nan. Da azumi ni bayan buɗa baki nake zuba shi a koko, wasu abokaina kuma da sahur.