Kafin ka zaɓi wanda zai duba digirinka a ilimin halayyar ɗan Adam, duba inda ya taso a karatu

Ɗalibin da ke neman digiri na biyu ko na uku a ilimin halayyar ɗan Adam yakan fara da tambayar wace jami'a zai shiga. Mu a ganinmu tambayar wane malami zai bi ita ce gaba. A wannan fanni za ka tarar da farfesoshi biyu a sashe ɗaya, ofisoshinsu ƙofa da ƙofa, amma aikinsu ya yi hannun riga. Abin da ya raba su shi ne karatun da suka fito daga cikinsa da kayan aikin da hannunsu ya saba da su. Jean Piaget, wanda ya yi fice a nazarin tunanin yara, digirinsa na uku a Neuchâtel ta ƙasar Suwizalan a 1918 kan dodon-koɗi ya yi shi, kuma da idon mai nazarin halittu ya zauna yana kallon yara. Aaron Beck likita ne kafin ya kafa hanyar jinyar baƙin ciki ta gyaran tunani. Wanda ka bi, idonsa za ka gada.

Mafi sauƙin kuɗi su ne masu gwaji kan tunawa da lura da yanke shawara, irin su Elizabeth Loftus, wadda ta haɗa lissafi da wannan fanni tun a digirin farko. A 1974 ita da John Palmer sun nuna wa ɗalibai 45 bidiyon haɗarin mota, suka sauya kalma ɗaya tak a cikin tambaya, sai gudun da ɗaliban suka ce motocin na yi ya sauya. Irin wannan aiki kwamfuta da manhajar kyauta irin PsychoPy da ɗaki mara hayaniya sun ishe ka. Inda yake ɓaci shi ne yawan mutanen gwaji. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta maimaita bincike 100 da aka riga aka buga. Kashi 97 cikin ɗari sun ce sun samu sakamako da farko, amma kashi 36 ne kawai suka sake bayar da shi. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne ƙarancin mutane. Idan bambancin da kake nema tsakanin rukuni biyu matsakaici ne, kana bukatar mutum 64 a kowane rukuni don samun damar kashi 80 ta gano shi. Idan ƙarami ne, kusan 394. Malamin da har yanzu yake buga aiki da mutum 20 a rukuni, ba tare da ya yi rajistar tsarinsa tun kafin tattara bayanai ba, ka yi tunani sau biyu.

Masu binciken ƙwaƙwalwa, masu bin sahun Brenda Milner ta Jami'ar McGill a Kanada, su ne suka fi jan ido. Ita ce ta nazarci majinyacin nan da ake kira H.M., wanda aka yi wa tiyata a 1953 ya daina riƙe sabon abu a ransa. Aikin yana da daraja, amma na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sa'a ɗaya a cikinta ɗaruruwan daloli ce. Kada ka shiga sai malamin yana da na'urar da tallafin da zai kai ka ƙarshe, kuma ka tambayi kanka da me za ka ci gaba idan ka dawo gida.

Ɓangaren asibiti ne ya fi rikita masu zaɓe. Likitan ƙwaƙwalwa makarantar likitanci ya yi, yana rubuta magani. Masanin halayya na asibiti kuwa gwaji da jinya ta hanyar tattaunawa ya koya. Dukansu suna bincike, kuma a nan Afirka na da gadon kirki. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin jinya a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, Abeokuta, a 1954, inda majinyaci ke zama tare da ɗan uwansa. Oye Gureje a Ibadan ya jagoranci babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Najeriya, Dixon Chibanda kuma a Zimbabwe ya horar da kakanni mata su riƙa sauraron masu damuwa a kan benci. Wanda zuciyarsa ke kan 'yan gudun hijira a Borno ko shaye-shaye a tsakanin matasa, nan ne gidansa. Abin dubawa shi ne ko malamin yana da ƙofar shiga asibiti, misali na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna ko Kware ko Maiduguri, domin amincewar kwamitin ɗa'a mai ba da izinin bincike a kan mutane kaɗai tana iya cin watanni. Sannan a duba yadda yake tafiyar da fassara. Alal misali, takardar PHQ-9 da ake auna alamun ciwon baƙin ciki da ita tambaya tara ce, ana yawan ɗaukar maki 10 a matsayin iyakar da ake fara zargin ciwon, amma wannan iyaka ba ta da amfani idan mai amsawa ya fahimci tambayar daban. Ƙa'ida ita ce wani ya fassara zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta, a gwada a kan mutane kaɗan, sannan a fita fili.

Akwai kuma masu nazarin al'ada, irin su Joseph Henrich da ya fito daga ilimin al'adun al'ummomi. A 2008 Jeffrey Arnett ya ƙirga cewa kashi 96 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 na al'ummar duniya. Saboda haka mai jin Hausa yana da abin da ɗakunan bincike na Turai da Amurka ke nema. Sai dai a yi hattara kada a mayar da kai mai tattaro bayanai kawai. A daidaita batun sunanka a takarda da mallakar bayanan a rubuce tun farko.

Idan a gida za ka yi, ilimin halayya na sashen koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya fi samuwa, kuma makarantu na nan birjik don aikin fili.

Kowanne ka karkata gare shi, buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ka ɗauko takardunsa biyar na shekaru ukun baya, ka fara karanta sashen hanyar bincike kafin sakamako. Duba ko sunayen ɗalibansa na fitowa a farko. Nemi biyu da suka gama a hannunsa ka tambaye su shekara nawa suka yi, da kwana nawa babi yake yi a teburinsa. Wasiƙarka ta farko gare shi kada ta wuce sakin layi uku: tambayar bincikenka, takardarsa guda da ta shafe ta, da inda za ka samo mutanen gwaji.