Na biya an auna min yaro a gwajin 'yan besbol

Ni dai da ƙwallon ƙafa na tashi, ban san komai ba a kan besbol sai da zama ya kawo ni Hustan a jihar Teksas. Babban yarona kuwa tun yana ɗan shekara 8 ya ɗauki sanda da safar fata. Yanzu shekarunsa 16, kuma shi ne mai tsugunawa bayan mai duka yana cafe ƙwallon da aka wurgo. Kocinsa na makaranta ne ya ce lokaci ya yi da za a kai shi a auna, don kococin jami'o'i lambobi suke fara tambaya kafin su kalli yaro. Na biya wani kamfani mai shirya irin wannan gwaji dala 300 da 'yan kai, muka yi sammako wata Asabar.

Wajen tsari ba ni da ta cewa. An liƙa wa kowane yaro lamba a riga, aka auna tsawo da nauyi, sannan aka jera su gudun yadi 60. Na tambayi wani uba da ke kusa da ni dalilin 60 ɗin, ya ce daga kowace kusurwa zuwa mai bi mata a filin ƙafa 90 ce, wato yadi 30, to gudun kusurwa biyu kenan idan aka miƙar da shi. Na'ura ce ke kama lokacin, ba yatsan mutum a kan agogo ba, don haka babu gardama. Wanda ya yi ƙasa da daƙiƙa 7 shi ake ɗaga kai a kalla. Nawa ya yi 7.4. Ga mai tsuguno ba abin kunya ba ne, amma ya dawo fuska a murtuke.

Daga nan aka ɗora ƙwallo a kan ɗan turke, kowa ya maka, na'urar rada tana faɗin saurin fitarta daga sanda. Nasa mafi kyau mil 84 a awa. A gasar manya ta MLB, inda aka kafa na'urorin awo na Statcast a dukkan filaye 30 tun 2015, sai ƙwallo ta kai mil 95 ake cewa ta daku. Aƙalla yanzu mun san tazarar da ke gabanmu.

Inda na fi koyon darasi shi ne awon da ya shafi gurbinsa. Ana ƙirga lokaci daga sa'ad da ƙwallo ta faɗa safarsa zuwa sa'ad da ya wurga ta ta isa hannun mai tsaron kusurwa ta biyu, tazarar ƙafa 127. Ƙwararrun MLB kan yi shi a wajen daƙiƙa 2. Aka rubuta wa yarona 1.98. Wallahi a mota har na kira ƙanena a gida ina cika baki. Da na nuna wa kocinsa ranar Litinin, murmushi kawai ya yi, ya ce in tuna yadda aka yi awon. Babu mai duka a tsaye yana tare masa hanya, babu mai gudu da zai firgita shi, ƙwallon kuma miƙaƙƙiya ake ba shi daidai ƙirji. Yaran duk sun san dabarar, tun ƙwallo ba ta iso ba sun riga sun yi rabin miƙewa. Ya buɗe littafinsa ya nuna min abin da ya sha kamawa a wasa na gaske, wajen 2.2. Lambar kamfanin ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce yarona ba ranar da ake neman ci.

Rahoton da aka yi alkawari ya iso bayan mako biyu, kuma nan ne raina ya sosu. Masu farautar 'yan wasa na da ma'auninsu na 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan MLB, suna duba abubuwa biyar: iya duka, ƙarfin duka, gudu, tsaro da ƙarfin jifa. Na zaci irin wannan bayani zan samu. Sai ga layi uku, wai jikinsa zai ƙara cika, hannunsa na da sauri. Wani uba ya turo min na ɗansa, kusan kalma ɗaya aka canza. Yadda yake tare ƙwallon da ta bugi ƙasa da ƙirjinsa, da yadda yake zuwa ya kwantar wa mai jifa hankali idan wasa ya rikice, babu wanda ya gani, don ba a buga wasa ba ranar. Mu da ke Hustan kuwa mun san labarin Jose Altuve, mai tsawon ƙafa 5 da inci 6, wanda aka sallama daga gwajin Astros, ƙungiyar besbol ta Hustan, a Benezuwela saboda ƙanƙanta, ya sake dawowa, suka ɗauke shi a 2007 kan dala 15,000. A 2017 shi ne gwarzon ɗan wasa na American League, ɗaya daga rukunai biyu na MLB.

Abu ɗaya da ban so gani ba: masu jifa na ganin rada sai su saki hannu iya ƙarfi. Wani ɗan yaro ya fito yana riƙe da gwiwar hannunsa, ubansa na murnar lambar da ta fito.

Shawarata ga iyaye, a je sau ɗaya, lokacin da yaro ya tasa kuma yana da lafiya, domin lambobin na zama a shafinsa kowa ya gani, masu kyau da marasa kyau. Ƙarin kuɗin bidiyo kuma a bar shi a aljihu, wanda na ɗauka da wayata ya yi aiki. Ni na yi niyyar daga wannan an gama. Sai dai tun ranar, da mun idar da asuba yake ɗaure takalmi ya nufi filin makaranta, kuma jiya ya ce min, "Baba, 7.4 ɗin nan sai na goge ta." Mahaifiyarsa ta ce in zai koma, daga aljihuna ne, ba daga kuɗin cefane ba.