Batirin a-kori-kura a Teksas: saƙo zuwa garejin Kawu a Gusau

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Inna da ƙannena da duk yaran gareji. Ya ƙarshen damina, ya kuma haƙuri da halin da hanyoyinmu suke ciki? Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Kun sha tambayata a waya yadda sana'armu take a wannan ƙasa, ni kuma kullum sai in ce sai na samu natsuwa. To, a watan Agusta wani abu ya same ni da ya sa na ga bai kamata in ƙara jinkiri ba, domin ya shafi aikin da kuke yi da hannunku kowace rana.

Kun san motar da nake neman abinci da ita a nan Hiyuston: a-kori-kura ce, Ford F-150 ta 2021, ta hannu na saya, ina kwasar wa masu tashi daga gida kayan ɗaki. Ran wata Talata bayan na dawo daga sallar asuba na danna maɓalli, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba suka lumshe. Wannan ƙara tun ina ɗan shekara 12 a gabanku na san ta. A gida mutane suna zaton sanyi ne ke kashe batir a ƙasar Turawa. Sanyi dai tona asirin wanda ya riga ya gaji yake yi, amma mai cin batir a hankali zafi ne, kuma zafin Hiyuston a Agusta bai bar wa na Gusau a Afrilu komai ba, ga gumi a kai.

Maƙwabcina ya jona mini waya daga motarsa na tashi, na nufi shagon kayan mota. Wani matashi ya fito da na'ura kamar babbar wayar hannu, ya maƙala wa kawunan batirin, kafin in gama gaishe shi ta tofo 'yar takarda. Ta nuna ƙarfin tayar da injin ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka rubuta a jikinsa. Bai karɓi ko sisi ba, don awon kyauta ne. Ba a goga waya a kan batir a ga tartsatsi ba, ba a buɗe marfi an leƙa ruwa ba.

Yadda suke sayar da batir ma dabam ne. Mu a gida sai mutum ya ce a ba shi mai 62, ko mai 75, ko mai 100, in ya shiga gurbinsa shi ke nan, in bai shiga ba a cusa katako a ɗaure da roba. Su a nan abu biyu suke kallo. Na farko lambar girma, irin su 65, 48 ko 94R, wadda ke faɗin tsawo da faɗi da tsayi da kuma gefen da kowane kai yake. Na biyu abin da suke kira CCA, wato yawan wutar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 cikin sanyin da ya kai maki 18 ƙasa da sifiri. Yaron ya shigar da lambar jikin motata mai harafi da alƙalami 17 a kwamfuta, take ta lissafo waɗanda suka dace da ita. Duka irin AGM ne, wanda ruwansa ke tsotse cikin wani abu kamar audugar gilashi, ba ya zuba, ba a ƙara masa ruwa. Motar da ke kashe kanta in an tsaya a danja ta sake tashi in an saki birki, irinsa take buƙata, domin batirin ruwa na gargajiya ba ya jure tashin da ba ya ƙarewa.

Na biya dala 240, da garanti na shekara 3 da aka rubuta a kan lambar wayata, ko rasit ya ɓace. Aka kuma ɗora mini dala 22 a matsayin jingina, sai na kawo tsohon a mayar mini. A jikin sabon akwai 'yar takarda mai nuna wata da shekarar da ya fito. Wannan 'yar takarda, Kawu, ita ce abin da na fi yi wa shagunanmu sha'awa, don Allah kaɗai ya san watannin da batir ke yi a kan kanta a Sabon Gari, cikin zafi, kafin a goge masa ƙura a ce sabo ne fil.

Yaron ya ce zai iya sa mini, ya kuma tambaye ni ko na san za a sanar da motar an canza mata batir. Ban tsaya na saurari maganarsa ta biyu da kyau ba. Na ce masa a garejin wayarin na tashi, na gode. A nan bakin shagon na buɗe bonet, na kwance baƙin kai tukuna sannan ja, kamar yadda kuka koya mana, na ɗago tsohon mai nauyin fiye da kilo 20, na zaunar da sabo, na ɗaura ja, na rufe da baƙi. Minti 15 bai cika ba. Mota ta tashi bugu ɗaya.

Daga nan ne karatun ya fara. Agogo ya rikice, wannan ban damu ba. Gilashin ƙofa da ke hawa da kansa da taɓawa ɗaya ya daina. A danja injin yana 'yar rawa, giya kuma tana shiga da ƙarfi kamar an ture ni daga baya. Washegari na lura motar ta bar kashe kanta a danja, kuma da na kashe injin ina jiran mai kaya, allon rediyo ya rubuta cewa zai rufe don tanadin batir. Batirin da ko kwana biyu bai yi ba! Hankalina ya tashi, don na zaci na ƙona wani abu, kuma a nan awa ɗaya ta makanike ta haura dala 100 kafin a zo maganar kaya.

Ranar Juma'a na tare wani bawan Allah ɗan Maraɗi da muke salla tare, wanda ya daɗe yana gyaran mota a nan. Ya buɗe bonet ya ɗora yatsa a kan wani ɗan akwati baƙi, bai wuce ashana ba, manne da baƙin kan batirin, da siririyar waya tana fita daga cikinsa. Ni da na kwance shi da hannuna ban ba shi muhimmanci ba. Ya ce wannan shi ne magatakardan motar. Duk wutar da ta shiga batir da duk wadda ta fita yana aunawa, yana auna zafi, ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa ta, kuma tana ƙirga kwanakin da batirin ya yi yana aiki. Da wannan lissafi take umartar altaneta, mai caja batir in injin na aiki, yawan cajin da za ta bayar, da shi kuma take yanke shawarar kashe rediyo ko wasu kayan wuta don a bar abin tayar da injin. Ni na sa sabon batir, amma a littafinta tsoho ne mai shekara 4 ke zaune, don haka take lallaɓa shi, take kuma yi masa cajin da ba nasa ba. Sauran kuwa, rawar injin da bugun giya, mantuwa ce: ƙwaƙwalwa tana koyon yadda injinta da giyarta suke yayin da suke tsufa, in wuta ta yanke gaba ɗaya sai ta koma farko, ta sake koyo a kan hanya.

Abin da ya ba ni mamaki, duk wannan yana cikin littafin motar. Aka kunna wuta ba a tayar da injin ba, aka haska doguwar fitila sau 5, aka taka birki sau 3, duk cikin daƙiƙa 10, sai alamar batir ta ƙifta sau 3. Lissafin ya goge. Littafin ya kuma ce a bar motar a kulle, a kashe, awa 8, don ta gane ainihin cajin sabon batirin. Na yi haka da dare. Gilashi ma akwai yadda ake riƙe maɓallinsa har ya tuna iyakarsa. Cikin kwana uku na tuƙi giya ta koma santsi. Wannan dabarar fitila da birki ta irin motata ce, kada yara su ɗauka ta kowace mota ce. Wasu, musamman na Jamus irin BMW, sai an jona musu na'ura an yi wa sabon batir rajista.

Akwai ragowar wahala ɗaya. A gundumarmu sai an gwada hayaƙin mota kowace shekara kafin a sabunta takardu, kuma ba salansa suke shinshinawa ba, ƙwaƙwalwar suke tambaya ta wata kafa mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996. Da yake wuta ta yanke, gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun goge, aka ce in je in yi ta tuƙi in dawo. Na yi asarar rabin yini. Da na san da wata 'yar waya da ake sakawa a wannan kafa a jona da wani batir, ta riƙe wa ƙwaƙwalwa wuta har a gama canji, da ban sha wannan ba. Sai dai mai amfani da ita ya naɗe jan kai da tsumma, domin yana nan da wuta ko an cire shi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, kuma ina neman afuwa in na yi gaba da gabana. A garejinmu, in ana son a san ko altaneta tana caji, sai a zare kan batir injin yana aiki. In mota ba ta mutu ba, lafiya. Haka in batir ya mutu, sai a tayar da mota da na gareji, a zare shi tana aiki, a mayar da mataccen. Na yi wannan sau ba adadi a kan Fijo 504 da tsofaffin a-kori-kura masu kafireto, ba abin da ya faru, don babu ƙwaƙwalwa a cikinsu. Amma batir ba tulun ajiyar wuta kaɗai ba ne, shi ke shanye tsallen da wutar altaneta ke yi. In aka zare shi tana cikin caji, wutar kan yi tsalle nesa da volt 14 da ta saba na ƙiftawar ido, kuma wannan ƙiftawa ta isa ta raunata ƙwaƙwalwar injin, ko ta giya, ko ta birki. Wani lokaci ba a ranar take mutuwa ba. Mai mota ya tafi yana godiya, bayan mako biyu ta tsaya masa tsakanin Tsafe da Funtuwa, inda ba wanda ke fatan tsayawa a yanzu, a ce ai ƙwaƙwalwar 'yan Kwatano ba ta da ƙarko. Motocin da ke shigo mana yau, har da sababbin Hilux na ma'aikatu, duk masu ƙwaƙwalwa ne.

Don sanin ko altaneta tana caji, mitar awon wuta ta wadatar. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna volt 12.6, in injin na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Amma a motar da ke da wannan ɗan akwati, kuna iya ganin caji ya sauko kusa da 12 da wani abu bayan batir ya cika, sannan ya sake hawa. Ba altaneta ce ta lalace ba, umarni aka ba ta, kada a kwance ta a banza. In za a jona wa irin wannan mota waya ko caja, baƙar wayar a jikin ƙarfen mota za a maƙala, ba a kan batir ba, don wutar ta bi ta gaban magatakarda. Haka masu zuwa a ƙara musu fitilu ko jiniya ko firji.

Kada ku ɗauka komai na nan ya fi namu. A nan da wuya ka ga wanda zai buɗe altaneta ya canza mata gawayi ko ya sake naɗa kikista. Cirewa ake a sa wata, a miƙo maka takardar kuɗi. Ɗan Maraɗin nan da na ba shi labarin yadda kuke gane ciwon kikista da kunne tun mota tana bakin titi, cewa ya yi irin wannan hannu a nan sai an tona. Kuma in mota ta mace maka, ba yaron da zai hau babur da batir a cinya ya same ka a Tudun Wada, a ce ka biya in ka samu. Motar jan motoci za ka kira, da kuɗinta a hannu.

Abu guda dai da nake so mu ɗauka gaba ɗaya shi ne maganar jinginar nan. Da na mayar da tsohon batirin aka ba ni dala 22 ɗina, aka ajiye shi a tsaye kan katako tare da 'yan'uwansa, zai koma masana'anta a narke dalmarsa a yi sabo. Ina tsaye a wurin na tuna bayan garejinmu, inda masu gwangwan ke fasa batir da gatari, ruwan ya bi ƙasa, almajirai suna wucewa ba takalmi, wani kuma yana narka dalma a gwangwani iska tana kaɗa hayaƙin zuwa wajen mai ƙosai. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 muka rasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ita, duk da cewa waccan daga dutsen zinariya ta fito, kuma har yau mutanen Bagega ba su manta ba. Wadda ke cikin batir ita ce dai. Don Allah, Kawu, a riƙa tara matattun a inuwa, a tsaye, a sayar da su ba a fasa ba, kuma yara su wanke hannu da sabulu kafin su sa a kwanon tuwo.

Wani ɗan'uwa zai sauka Kano a watan Disamba, na ba shi saƙo ya kawo muku: mita biyu, na'urar awon batir irin ta shagon nan, 'yar wayar riƙe wuta, da ƙaramar na'urar karanta ƙwaƙwalwa da ke aiki da wayar hannu. In sun iso a kira ni ta bidiyo bayan la'asar ɗinku, lokacin nan hantsi ne, mu gwada su tare a kan duk motar da ke gareji ranar. A gaishe mini da Inna, a ce mata kilishin ya ƙare tun tuni.