Kwas ɗin naɗe harsashi da takarda, yadda na gan shi

Tun da na dawo abokai ke damuna wai ya kwas ɗin ya kasance, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Wani kulob na masu harbin nishaɗi a jihar da nake zaune a nan Amurka ne ya shirya shi, Asabar da Lahadi, ana koyar da yadda ake cika harsashin bindigogin da can da baƙin albarushi, kuma dalmar da ke kai a naɗe ta da takarda. Takarda fa, ba tsumma ba. Abokin aikina ne ya ja ni, ni kam na je ne kawai don ganin ƙwal uwar daka.

Warin ne ya fara kama ni. Ana harba ta farko farin hayaƙi ya turnuƙe wajen, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wallahi sai na ji ni a ƙofar fada ranar hawan sallah 'yan bindiga na ta ɗirkawa, don albarushin kusan iri ɗaya ne, sai dai namu ta baki ake ɗurawa, wannan kuwa a cikin kwanso yake. Bindigar da aka ba ni kwafin Sharps ce ta 1874 ƙirar Italiya, mai cin harsashin .45-70, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1873. Irin Sharps ɗin nan ce maharban baunar Amurka suka riƙa ɗauka har suka kusa ƙarar da dabbar kaf. Turawan Ingila ma bindigarsu Martini-Henry harsashinta da takarda aka naɗe shi, ashe abin ba ƙirƙirar 'yan kulob ba ne, tsohon yayi ne.

Malamin wani dattijo ne, ni Baba nake ce masa, ya tambaye ni ma'anarsa na gaya masa ya yi ta dariya. In ya ɗauki kofin kofi hannunsa rawa yake, amma da ya ɗauki dalma da takarda sai ka rantse ba hannun ba ne. Takardar siririya ce ta auduga, ana yanka ta a karkace da wani ɗan ma'aunin ƙarfe, a ɗan jiƙa ta, a shimfiɗa a kan katako, a ɗora dalmar a mirgina sau biyu cif, bakin farko da na ƙarshe su haɗu ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba, sai a murɗe jelar da ta rage a gindi. Faɗa da baki ba wuya. Ni tawa ta farko ta yage, ta biyu na jiƙa ta da yawa ta zama kamar fanke a ruwa, ta uku ta naɗu amma a karkace kamar rawanin wanda ya makara zuwa idi. Baba bai ce komai ba, ya warware ya miƙo min wata. Haka muka yi ta yi har yamma. Washegari da muka dawo takardar ta bushe ta ɗame jikin dalmar tamau kamar fatar kalangu, ka murza da yatsa ba ta motsi, gaskiya wannan kaɗai ya biya ni rabin kuɗina.

Amfanin takardar shi ne ta shiga tsakanin dalma da cikin bututun bindiga, dalma mai taushi ba za ta goge ta manne a ciki ba, kuma zanen nan da ke murɗe a cikin bututun shi ke yayyanka takardar, tana fita baki sai ta watse ta bar dalmar ta tafi ita kaɗai. Baba ya sa mu durƙusa gaban benci muna tsintar guntayen kamar kaji, wai a nan ake gane aiki, in sun fito sili-sili an naɗa daidai, in kuwa takarda ta liƙe ta bi harsashi to sai inda Allah ya kai shi.

Sai abin da bai min daɗi ba. Sun ɗebi mutane fiye da kayan aikin da suke da shi, sikeli ɗaya kowa ke jira, rabin safiyar Lahadi a layi ta tafi. Ɓangaren albarushin ma kusan kallo muka yi, duk da wannan ban ga laifinsa sosai ba, abin da ƙaramin tartsatsi ke tayarwa ba a sakar wa baƙo. Abu biyu ya yi ta nanatawa har na haddace, kar a bar gurbin iska a cikin kwanso, kuma kar ka kuskura ka zuba albarushin zamani da ma'aunin baƙin albarushi. Abincin rana kuma naman alade ne kusan duka, da biskit da ayaba na wuni ranar farko, ko a fom ba su tambayi abin da mutum ke ci ba.

Kuma wanda ba ya son wanki kar ya zo. Kowane harbi sai ka goge bututu da ɗan ƙyalle mai danshi saboda tokar da ke taruwa, an gama kuma a wanke bindigar da ruwa, kwanson da aka harba a jefa cikin gora mai ruwan sabulu, in ka yi kasala tsatsa ta cinye maka dukiya. Harbin minti ɗaya, shara da goge-goge na minti biyar.

Abin harbin siffofin dabbobi ne na ƙarfe, kaza a mita 200, alade a 300, talotalo a 385, rago a 500. Kazar a tsaye ake harbinta, ban ko kusa ba. Sauran ana ɗora bututun a kan sanduna biyu a gicce. Ragon nan na yi ta binsa ina tayar da ƙura a gefensa, abin da na samu kawai alade, sau biyu, kuma sai hayaƙi ya fara washewa ka ga ya kife kafin ƙarar ƙarfen ta iso kunnenka, ƙwal! Abokina ya ce ramuwar abincin rana na yi.

Kafaɗata ta yi kwana uku tana ciwo, rigar da na sa kuwa uwargida ta ce a gareji za ta zauna. Na dai sa sunana a zagaye na gaba, wannan karon da kular abincina zan tafi, ni da ragon nan ba mu gama ba.