Mai girkin taro ta Mabera da walimar ofishinmu

Wata Hajiya mai girkin taro da ke unguwar Mabera a Sakkwato ce ta yi mana abincin walimar ban kwana da daraktanmu, wanda ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati ya yi ritaya. Duk ofishin da ke shirin irin wannan taro a Sakkwato, ina ba shi shawarar ya neme ta.

Dafa-dukanta da shinkafa 'yar gida ta yi shi, wara-wara, bai caɓe ba, ba tsakuwa ko ɗaya. Naman rago ne, ya dahu har ƙashi, ga albasa ta wadata kamar yadda muke so a nan. Amma masa da miyar taushe su suka fi komai. Masar ta tashi, gefenta ya soyu, cikinta laushi, miyar kuma ta ji kabewa da gyaɗa, ba irin wadda ake tsinkawa da ruwa don ta kai ko'ina ba. Fura da nono ma ba laifi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce ɗanɗano. Walimar nan dole aka yi mana ita. Takarda ta zagaya cewa kowa zai ba da naira 5,000, daga mataimakin darakta har masinjan da albashinsa bai wuce mafi ƙaranci na naira 70,000 ba. Aka sa ta ranar Asabar, ranar hutunmu, aka kuma ajiye rajista a bakin ƙofa. Kowa ya san dalili. Mataimaka biyu ne ke neman kujerar da ta zama fanko, kowanne da mutanensa, kuma ana lura da wanda ya zo, da gefen da ya zauna, da wanda ya fara gaisarwa. Ni dai ina ƙaunar dattijon nan, ya riƙe mu da mutunci, ko ba rajista zan je. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ganin masu shara da masu gadi sun biya kuɗin da ya fi ƙarfinsu don gudun a sa musu ido.

Kwamitin shirye-shirye ya so a yi abinci kashi biyu: babban tebur da kaji a faranti, sauran jama'a a roba da yanka ɗaya. Ina wurin lokacin da Hajiyar ta amsa wa shugaban kwamitin, cikin ladabi: "Ranka shi daɗe, in kuɗɗin guda ne, tukunya guda za ni ɗorawa." Haka kuwa aka yi. Yaranta suka raba aiki, wasu gaba wasu baya, direban da ke can bakin rumfa ya samu abin da darakta ya samu, da zafinsa. Matan da suka bar yara a gida ta ƙulla musu nasu suka tafi da shi, ba ta ƙara ko kwabo ba.

Akwai inda ta gaza. An yi da ita abinci zai iso bayan azahar, sai dab da la'asar motarta ta shigo, mutane sun gaji da jawabai a ƙarƙashin rumfa cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ƙanƙararta kuma ta yi kaɗan, zoɓo da kunun aya duk sun yi ɗumi tun kafin a gama rabo. Masa ta ƙare da wuri.

Tana karɓar rabin kuɗi kafin ta shiga kasuwa, sauran bayan taro. Ku yi magana da ita mako guda kafin ranar, ku tsayar da lokaci a rubuce, ku ce ta ninka masa, ƙanƙara kuwa ku tanadi taku.