Wanne za ka zaɓa wajen ɗaukan sikirinshot a kwamfuta?

Har yanzu a bizines santa na Yelwa da Gwallameji a nan Bauchi za ka ga ɗalibi ya ɗaga waya yana ɗaukan hoton fuskar laftof, hoton ya fito da layuka layuka, hasken taga ya cinye rabin rubutun, lambar RRR ta Remita ma ba ta karantuwa, kuma shi zai tura a matsayin shaidar biyan kuɗin makaranta. Abin yana damuna gaskiya, don kwamfutar da kanta za ta ɗauka maka tas, kuma yawancin mu ba sai mun kashe ko sisi ba.

Mu fara da wanda ya zo cikin Windows, don ni shi nake ba kowa shawara ya fara gwadawa. Akwai madannin PrtScn can sama ta hannun dama. A Windows 10 in ka danna shi kaɗai ba ya ajiye komai, kwafa kawai yake yi, sai ka je Word ko Paint ko WhatsApp na kwamfuta ka danna Ctrl da V, nan ne mutane suke cewa ai na danna bai yi ba, alhali ya yi. In kana so ya ajiye da kansa haɗa madannin Windows da PrtScn, fuskar za ta ɗan yi duhu, hoton ya tafi folda Screenshots da ke cikin Pictures. Wasu laftof ɗin, irin HP da Dell na hannu da muke saya, sai ka haɗa da Fn tukuna, don haka ka gwada shi tun a shago kafin ka biya, madannin da ya mutu ba ya nunawa a ido.

Amma wanda ya fi min shi ne Windows da Shift da S a tare, wato Snipping Tool. Za ka ja ka yanki daidai wajen da kake so, ba sai duniya ta ga sauran shafukan da ka buɗe ba ko balans ɗinka na banki da ke gefe. Na Windows 11 har bidiyon fuska yana ɗauka, yana kuma iya ciro rubutu daga cikin hoto. In risit ne ko rizol ko shafin rajistar kwas, wallahi wannan ya ishe ka.

Masu MacBook ku naku Shift da Command da 3 ne na duka fuska, 4 kuma na yanka, hoton yana sauka a Desktop.

Sai waɗanda ake saukowa da su. Lightshot kyauta ne, ba shi da nauyi, kibiya da rubutu a kan hoto cikin sauƙi, shi ya sa masu kafe suke son shi. Inda ban yarda da shi ba shi ne alamar gajimaren da ke fitowa idan ka yanki hoto, in ka danna ta hoton yana hawa shafin prnt.sc da gajeren adireshi, kuma duk wanda ya canki adireshin zai iya buɗewa ba tare da an tambaye shi komai ba. To ka duba mai shagon da ke taɓa NIN da BVN da fasfo na mutane kullum, amanar jama'a ce a hannunsa, dan Allah in za ka yi amfani da shi ka ajiye a kwamfuta kawai kar ka ɗora.

Greenshot ma kyauta ne, kuma ga mai shago ni shi na fi so, saboda yana da wajen dusashe lamba ko suna kafin ka tura. ShareX ya fi su duka iya aiki, yana ɗaukan dogon shafi daga sama har ƙasa, ka saita masa folda da yadda zai riƙa sa wa hoto suna, sai dai saitinsa da yawa, sabon shiga zai iya ruɗewa. In dogon shafin intanet ne kaɗai damuwarka ma ba sai ka sa shi ba, Edge da Firefox suna yi, Ctrl da Shift da S.

Snagit na kamfanin TechSmith shi ne na kuɗi, kuma da dala ake biya. Yana da kyau sosai ga malamin da ke haɗa darasi mataki mataki ko mai rubuta littafin koyarwa a ofis, amma ɗalibi ko mai POS ban ga abin da zai kai shi ba. Kuma kar ka yarda a sa maka na sata a filas, ta nan bairos ke shiga.

Maganar ajiya kuma, Windows a nau'in hoto na PNG yake ajiyewa, rubutu ya fi fitowa a ciki amma ya fi nauyi, in fotal ya ƙi karɓa buɗe shi a Paint ka sake ajiyewa a JPG. Ka riƙa canza masa suna nan take, risit 2025 zangon farko misali, in kuma ta WhatsApp za ka tura to tura shi a matsayin dokumen don kar ya matse shi lambobin su dushe.