Girman jiki a damben masu nauyi: 'yan damben jiya a gaban ƙattin yau

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Muhammad Ali da Rocky Marciano za su iya kai labari a yau idan aka haɗa su da irin su Tyson Fury da Anthony Joshua, ganin yadda 'yan damben wannan zamani suka fi su tsawo da nauyi. A ganina bai kamata a ba mutanen biyu amsa ɗaya ba, domin tazarar da ke tsakanin jikin Marciano da na Ali ta kai a raba musu hukunci.

Marciano, wanda ya yi dambe 49 ba tare da an taɓa doke shi ba, yana shiga fili ne da nauyin kilo 84 ko kusa da haka, kuma hannunsa gajere ne ƙwarai. Joe Louis, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1937 zuwa 1949, bai cika yin nisa da kilo 90 ba a lokacin da yake ganiyarsa. Ali, mai tsawon santimita 191, ya auna kilo 98 lokacin da ya kara da George Foreman a Kinshasa a 1974, shi kuwa Foreman da ake yi wa kallon dodo a wancan lokaci kilo 100 ne. A ɗaya ɓangaren kuma, Lennox Lewis ya haura kilo 110, Wladimir Klitschko da Joshua kowannensu santimita 198 ne, Fury kuwa santimita 206, kuma ya auna kilo 124 a karawarsa ta biyu da Deontay Wilder a 2020. Ke nan tsakanin Marciano da Fury akwai kilo 40, wato kusan buhun siminti guda.

Masu goyon bayan 'yan damben dā suna da hujjar da ba za a raina ba, domin ƙato ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. A 1919, a garin Toledo na Amurka, Jack Dempsey mai kilo 85 ya kai Jess Willard mai kilo 111 ƙasa har sau bakwai a turmin farko kaɗai. A 1935 Joe Louis ya gama da Primo Carnera, mutumin Italiya da ya fi shi da kusan kilo 30, a turmi na shida. Sai dai wanda ya kalli tsofaffin faifan waɗannan wasanni zai lura cewa Willard da Carnera girman kawai suke da shi, ƙafarsu na da nauyi, kuma ba su iya amfani da tsawon hannunsu wajen tsare abokin karawa a nesa ba. Dokar ma ta taimaki Dempsey, domin a lokacin ba a tilasta wa wanda ya kayar da mutum ya ja baya zuwa kusurwa, sai ya tsaya a kansa, yana miƙewa ya ƙara masa.

Abin da ya sauya tun daga shekarun 1990 shi ne ƙattin sun koyi dambe, kuma a nan ne nake ganin tambayarka ta fi nauyi. Emanuel Steward, mai horarwar da ya yi aiki da Lewis sannan daga baya da Klitschko, ya ɗora su a kan tsari guda: a riƙa tokare mutum da naushin hagu mai tsawo, a ajiye hannun dama sai an ga ƙofa, idan kuma gajeren ya yi nasarar kutsowa kusa, sai a rungume shi a jingina masa nauyin jiki har alƙalin wasa ya raba su. Wannan jinginar ba ta ba da maki, amma tana cinye ƙafar ƙaramin mutum sannu a hankali, ta yadda kafin a kai turmi na takwas ya fara jin cinyoyinsa sun yi sanyi. Haka Lewis ya yi wa Mike Tyson a 2002, ko da yake gaskiya Tyson na wancan lokaci ya riga ya wuce ƙuruciyarsa. Akwai kuma batun yawan turmi. Su Ali suna yin turmi 15 ne a damben kambu, amma a shekarun 1980, bayan mutuwar ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim a 1982, an rage zuwa 12, kuma turmi ukun da aka cire su ne inda mai jiki da yawa ya fi shan wahalar numfashi.

Saboda haka, game da Marciano, ba na jin zai iya. Ba raina zuciyarsa nake yi ba, domin tarihin dambe bai cika ganin mai juriya irin tasa ba, amma mutum mai kilo 84 da gajeren hannu sai ya sha naushi uku ko huɗu kafin ya isa inda nasa zai taɓa Klitschko. Hukumomin dambe da kansu sun amince da wannan tazara, shi ya sa a 1979 aka ƙirƙiri wani aji a ƙasa da na masu nauyi, wanda iyakarsa a yau take kilo 90 da ɗoriya. Da Marciano da Dempsey, har ma da Louis a wasu wasanninsa, a can za su faɗa idan aka ɗora su a ma'auni yau.

Ali kuwa labarinsa daban ne, kuma hujjata tana raye, wato Oleksandr Usyk na Yukren. Tsawonsa santimita 191 ne, daidai da na Ali, nauyinsa kuma kilo 100 zuwa 102, wanda bai fi na Ali a Kinshasa da wani abin kirki ba. Da wannan jiki ya ƙwace kambu daga hannun Joshua a Landan a 2021, ya sake doke shi a 2022, sannan a watan Mayun 2024 a Riyad ya doke Fury wanda ya fi shi da kusan kilo 18, ya kuma maimaita a Disambar shekarar duk da Fury ya ƙaro nauyi. Abin da Usyk yake yi shi ne ba ya barin ƙato ya huta: yana zagaya shi, yana sauya kusurwa, yana tilasta masa ɗaga ƙafa da hannu a kowace daƙiƙa, har nauyin da yake taƙama da shi ya zame masa kaya. Ali na shekarun 1960 ya fi Usyk saurin hannu, kuma wanda ya jure dukan Foreman da na Joe Frazier ba za a ce ba shi da haƙarƙarin ɗaukar naushi ba.

Ƙarin nauyi ma yana da inda yake daina amfani. David Haye mai kilo 98 ya doke Nikolai Valuev na Rasha, mai santimita 213 da kilo sama da 140, da maki a Jamus a 2009. Andy Ruiz, wanda ya kayar da Joshua a turmi na bakwai a watan Yunin 2019 da saurin hannu, ya dawo karawa ta biyu a Saudiyya da ƙarin kilo bakwai a jikinsa, Joshua kuwa ya rage kusan biyar, sai Ruiz ya kwashe turmi 12 yana bin sa a fili bai cim masa ba.